Mangwaron da Bai Hau Wuta Ba

Shekara biyu da wata huɗu Baba ya yi yana cewa a'a. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa zagin Kuku ba. A hankali yake faɗinta, yadda yake ce wa mai ciniki albarka in tayin bai yi masa ba.

Kuku shi ne wanda nake so. Shi ke riƙe da ɓangaren gashi a wani gidan abinci da ke bayan asibiti, kowa kuma Kuku yake ce masa, har da ni da ya kamata a ce na samo masa suna mai daɗi. Ni malamar makaranta ce, shekarata ashirin da tara. Tun rasuwar Umma mu uku ne a gida: ni da Baba da Gwaggo, yayarsa, wadda ta zo gaisuwa da akwati ɗaya ta manta hanyar komawa.

Laifin Kuku a wurin Baba sana'arsa ce. Baba ya shekara arba'in yana sayar da 'ya'yan itace, ta ƙofar baya ya san masu girkin otal. Su ne ke zuwa da yamma in kasuwa ta fara watsewa, su tsinci wanda ya bugu da wanda ya fara tabo, su je su yanke wurin su lulluɓe saura da sukari.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "mutumin da aikinsa rufe aibu ne, ta yaya zan gane ranar da yake rufe mini nasa?"

Na yi kuka, na yi magiya, na yi yajin cin abinci na yini ɗaya da rabi wanda babu wanda ya lura da shi sai cikina. Baba bai taɓa cewa zai ba ni wani ba. Cewa ya yi ba zai yi mini dole ba, amma hannunsa ba zai miƙa ni ga mai girki ba. Ni kuma na san kaina, ba zan iya shiga ɗakin da Baba bai sa wa albarka ba.

Sai ga wata Lahadi da yamma ya shigo da kwando a hannunsa, shi da kansa, bai bar kowa ya ɗauko masa ba.

Ina ganin takardun da aka nannaɗe su da su na san ko mene ne. Baba yana da wata tsohuwar bishiyar mangwaro a lambunsa na bayan gari da ba ya sayar da 'ya'yanta. A kan bishiya yake barinsu su nuna, ya riƙa zuwa yana shinshina su kamar mai duba jariri. A rayuwata mutum uku na ga ya kai wa: likitan da ya yi jinyar Umma, da malamin da ya koya masa karatu, da surukinsa, mahaifin Umma.

Ya ajiye kwandon a gabana.

"Guda goma sha biyu ne. Ki kai wa mutumin naki. Ki ce masa gobe bayan azahar zan zo in ga abin da hannunsa ya iya. Don gobe na tsinke su, gobe ne ranarsu."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na kama gefen rigarsa ina kuka ina dariya, shi kuma yana cewa in tashi kar in jiƙa masa takalmi.

Gwaggo tana bakin ƙofar ɗakinta tana kallonmu, ta taɓe baki.

"Yanzu kai 'ya'yan bishiyar taka za ka kai wa mai soya albasa? Ga yaro ɗan mutunci yana ta sintiri shekara guda, ko ƙwallo ɗaya ba ka taɓa ba shi ya tsotsa ba."

Ɗan mutuncin Gwaggo ɗan aminiyarta ne, mu muke ce masa Mai Firji. Yana da manyan motoci masu sanyi da rumbu a bakin kasuwa, yana shigo da 'ya'yan itace daga nesa, a tsinko su ɗanyu su nuna a hanya. Ba shi da wani aibu da zan nuna, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana gaisuwa har ƙasa, yana kawo wa Gwaggo maganin gwiwa, ni kuma ba na sonsa.

"Yaya," in ji Baba, "gani kawai zan je yi."

Amma duk mun san ba a kai kwandon nan don gani kawai.

* * *

Ranar Litinin da safe ina tsaron jarrabawa, yara hamsin da biyu a aji, rabinsu idonsu na kan takardar maƙwabci. Wayata ta yi motsi a aljihu. Na faki ido na duba.

Kuku ne. "Malama, mangwaron Baba ya yi laushi sosai, wuta za ta narkar da shi. In nemo mai ƙarfi?"

Na san abin da yake son yi, don ni na ba shi shawara. Akwai wani abu da yake yi a lokacin zafi wanda mutane ke tasowa daga ƙarshen gari su ci, gasassun 'ya'yan itace da cuku. Minti biyar ake yinsa. Ranar da ya fara ba ni na kusa cinye cokalin, shi ya sa na ce masa da shi zai rufe, Baba bai taɓa cin irinsa ba.

A daidai lokacin wata yarinya a layin baya ta zaro takarda daga safa. Na rubuta da sauri, "Kai ne gwani, yi yadda ya fi," na tura, na nufi yarinyar.

Ni ce fa, 'yar mai 'ya'yan itace, wadda ta yi rarrafe a tsakanin kwanduna. Na karanta saƙon nan da idona na amsa shi da hannuna, ko gabana bai faɗi ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Gidan abincin ba ya buɗewa ranar Litinin, don haka mai wurin ya bar wa Kuku farfajiyar baya. Tebur huɗu ne a ƙarƙashin rumfa, da murhun gashi a jikin bango. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ɗaya, ya sa sabuwar rigar aiki da har layin guga bai baje ba.

Mu uku na zata za mu zo. Sai ga Gwaggo ta fito daga motar Mai Firji tana gyara mayafi.

"Rage mana hanya ya yi, gwiwata ba ta son motar haya. To yanzu mutum ya kawo ka har ƙofa sai ka ce ya juya? Ai ba tarbiyya ba ce. A ƙaro kujera."

Kuku ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Ya je ya ɗauko kujerar da kansa, har da goge ta.

Da farko komai ya tafi daidai, har na fara jin tsoron daɗin da nake ji. Baba ya ci kifi, ya ci kaza, ya ƙara shinkafa. Ya tambayi Kuku wane irin gawayi yake amfani da shi, Kuku ya faɗa masa, Baba ya gyaɗa kai ya ce wannan iccen ba ya sa wa abinci ɗaci. Ya tambaye shi iyayensa, ya yi wa mahaifinsa addu'a. Sau ɗaya ma ya ce masa "ɗana", ko da yake ina jin kuskuren baki ne.

Gwaggo ta ce gishiri ya yi yawa, amma ba ta bar komai a faranti ba sai ƙashi.

Sannan Kuku ya miƙe ya ce, "Baba, saura abu ɗaya. A gabanka zan yi shi."

Ya baje garwashin ya bari ƙarfen ya yi zafi sosai. Ya yanko kumatun mangwaro biyu-biyu da ɓawonsu, ya tsattsaga naman da bakin wuƙa, ya shafa mai kaɗan. Ya jera su a kife, ya sa abarba a gefe, ya sa yankan kankana masu kauri.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Kankana a wuta? Me ta yi maka?"

"Yanzu za ki gani, Gwaggo."

Bai taɓa su ba, tsayawa ya yi yana saurare. Ya taɓa gaya mini cewa kunne ke gashin nan, in ƙarar ta sauka daga tsuwa ta koma kamar raɗa to sukarin ya kama. Da ya juya su, layin ƙarfe ya fito a jikinsu ja-ja, ƙamshi ya cika farfajiyar har Mai Firji ya ajiye wayarsa. Ya kwashe su a faranti, ya marmasa farin cuku mai gishiri a kai ya fara laushi da zafin, ya ɗiga zuma, ya yayyaga ganyen na'a-na'a, ya matsa lemon tsami.

Ya ajiye a gaban Baba da hannu biyu.

Baba ya yi bismilla ya ɗebi mangwaron. Ya tauna a hankali. Ya ƙara loma ta biyu, na ga girarsa ta ɗaga, na ce a zuciyata shi ke nan, Allah ya amsa. Ya kai ta uku.

Sai ya ajiye cokalin.

Ya sa yatsa ya kifar da yankin, ya duba ɓawon. Ya kai shi hanci. Ya daɗe a haka, har sai da Gwaggo ta daina tauna.

"Ina nawa?" ya ce.

* * *

Da Kuku maƙaryaci ne da ya tsira. Amma murmushi ya yi, irin na mutumin da aka tambaye shi abin da ya fi sani a duniya.

"Baba, naka ya nuna sosai, ba zai yi ba. Da ya hau ƙarfe zai zube ya zama kunu. Gashi sai mai ƙarfi, wanda bai gama nuna ba, wuta ce ke fito masa da zaƙi. Shi ne da safe na je babban rumbun nan na bakin kasuwa na zaɓo waɗannan."

Mai Firji ya yi gyaran murya, ya kalli tebur.

"Ina jin kayanmu ne," ya ce a hankali. "Shekaranjiya suka sauka."

Bai yi dariya ba. Da ya yi dariya da na samu wanda zan tsana.

"To nawa fa?" Baba ya sake tambaya.

"Suna nan lafiya, Baba, ko ɗaya ban taɓa ba. Tun jiya na sa su a firji don kar su lalace."

Na rufe idona. Tun ina 'yar shekara biyar na san ba a sa wa mangwaron bishiya sanyi. Dare ɗaya ya isa ya kashe ƙamshin, ya bar maka ruwa da zare. A gidanmu in ka sa mangwaro a firji gara ka fasa tulu.

Baba ya goge hannunsa da ƙyalle, yatsa bayan yatsa.

"Wata huɗu ina gadin su daga tsuntsu," ya ce. "Na ba ka, ka duba ka ce ba za su yi ba. Ka je ka sayo ɗanye, ka ƙona shi, ka rufe shi da gishiri da zuma, ka ajiye mini a matsayin nawa."

"Baba, ai ban ce naka ne ba."

"Ka ce ba nawa ba ne?"

Kuku ya kalli farantin da ke gaban Baba.

Baba ya miƙe. "Abinci ya yi daɗi, Allah ya saka. Uwata, mu je."

"Baba, ni ce," na ce. "Ya tambaye ni da safe, ni na ce masa ya yi. Wallahi ni ce."

"To kun zama ku biyu," ya ce, ya wuce.

Na waiga sau ɗaya daga bakin ƙofa. Kuku yana tsaye inda muka bar shi, abarbar da ya manta a kan wuta tana ta hayaƙi a bayansa.

A motar Mai Firji babu wanda ya yi magana sai Gwaggo, ita kuwa ta yi ta mu duka.

"Ni dai tun da na ga kankana a wuta na san ba lafiya ba. Ke kuma ki yi ta kuka, hawayen naki ba za su nunar da ɗanye ba. Shekara ashirin da tara, ƙannenki na unguwa duk da goyo, ke kina nan kin liƙe wa mai ƙona kayan lambu. Ga mutum a gabanki yana tuƙa ki, ko sannu ba ki ce masa ba."

"Gwaggo, a bar ta ta huta," in ji Mai Firji.

Na ji kamar in buɗe ƙofa in dira.

Da muka isa gida Baba ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida bai ko cire hula ba. Na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Rana ba ta faɗi ba tukuna, amma ni gani nake komai ya yi duhu.

"Baba, don Allah. Bai sani ba ne. A wurinsu haka ake yi, girmama ka ya so yi. Kwana ya yi yana tunanin abin da zai ba ka."

"Na sani."

"To in ka sani me ya sa?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Kin ga loma nawa na yi kafin na gane? Uku. Ni, da nake gane ɗanye daga ƙetaren titi. Ya ba ni ɗanye na haɗiye sau biyu ina jin daɗi. Uwata, da abin bai yi daɗi ba da ban damu ba. Daɗin ne ya tsorata ni."

"Ai gwaninta ce, Baba, ba cuta ba ce."

"Duk mai cuta gwani ne. Ke kaɗai gare ni. In na ba shi ke, wata rana ya duba ya ga ba za ki yi ba fa?"

Nan kukan ya ƙwace mini gaba ɗaya. Na ce masa shekara biyu ina haƙuri, ban taɓa fita ba da saninsa ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce in ya hana ni Kuku ba zan gudu ba, ba zan yi komai ba, zan zauna a gidan nan in tsufa kusa da Gwaggo, amma ya sani wadda za ta rage a gidan ba 'yarsa ta da ba ce. Na faɗi abubuwan da ban san suna cikina ba, shi kuwa yana kallon bango.

Can ya ɗora hannu a kaina.

"Jibi bayan la'asar ina shago. Ya zo ya zauna a gabana ya ce, 'Baba, na yi maka algus.' Iyakarta ke nan. Mutumin da zai iya kiran abin da ya yi da sunansa zan iya ba shi 'yata. In ya faɗa, a wurin zan sa masa rana."

Na ɗago ina share hanci, ban yarda da kunnena ba.

"Kalma biyar ce, Baba. Zai faɗa. Wallahi zai faɗa."

* * *

Washegari ina tashi daga makaranta na wuce gidan abincin. Lokacin ba ciniki, masu wanke-wanke sun fita shan iska. Na same shi a kicin yana kankare ƙarfen gashi da burushin waya, yana yi kamar ƙarfen ne ya yi masa laifi.

Na gaya masa komai, ina haki don murna.

Bai daina kankarewa ba.

"Algus," ya ce.

"Faɗa kawai za ka yi."

"Zan je in durƙusa in ba shi haƙuri a kan firjin, wannan jahilcina ne. Zan ba shi haƙuri da ban gaya masa tun farko ba cewa mangwaron ba nasa ba ne. In ya ce in yi masa shekara ina ɗaukar kwando zan yi. Amma ban yi algus ba, Malama."

"Na sani! Ni na sani, kai ka sani, Allah ya sani. Me zai rage ka da shi?"

Ya ajiye burushin ya juyo. Idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne.

"Shekara goma sha ɗaya ina gaban wuta. Mahaifina har ya rasu cewa yake ɗansa ma'aikacin otal ne, bai taɓa iya cewa girki nake ba. Kin san sau nawa aka kawo mini kifin jiya aka ce in rufe shi da yaji na ƙi? An kore ni daga aiki sau biyu a kan haka. Ba ni da gida, ba ni da mota, ba ni da rumbu. Abu ɗaya gare ni, ban taɓa sa wa mutum a faranti abin da zan ji kunyarsa ba. Yanzu in je gaban mahaifinki in ce ni ne irin mutumin da ya daɗe yana cewa ni ne?"

"Don ni za ka yi."

"In na faɗa, da me zan aure ki? Duk ranar da na sa miki abinci a gabansa zai tuna na amsa da bakina."

"To ni fa?" na ce, ban san na ɗaga murya ba. "Kai kana tsaron sana'arka, shi yana tsaron tasa, ni wa ke tsarona? Shekara biyu ina tsakaninku kamar tsumman goge tebur, wannan ya ja wancan ya ja. Ni na amsa saƙon nan, ni na ce ka yi. In akwai mai algus ni ce. Ka ara daga wurina ka je ka faɗa!"

Na zame na zauna a kan buhun albasa ina kuka, mayafina ya faɗi ban ɗauka ba. Ya tsuguna nesa kaɗan da ni, ya miƙo mini tsumman da ke kafaɗarsa, ya tuna da maiƙo ya janye.

"Malama, ki daina, don Allah. Kukanki ya fi mini wutar nan zafi."

"Za ka zo?"

Ya mayar da tsumman kafaɗarsa.

"Kuku, ka kalle ni. Ba ni da wata dabara bayan wannan. Baba ba ya buɗe ƙofa sau biyu. Za ka zo?"

"Zan zo," ya ce. Kansa na ƙasa ya faɗa.

Na so in tambaye shi ko zai faɗi kalmar, amma tsoron amsar ya hana ni. Na ɗauki mayafina na fita.

* * *

Ranar Laraba na riga la'asar isa shago.

Abin da na gani ya sa zuciyata ta karye tun kafin komai ya faru. Baba ya sa rigarsa mai kyau, wadda ba ya zama da ita a kasuwa don kar ruwan lemo ya taɓa ta. An share gaban shagon an yayyafa ruwa. Kujera biyu gare shi, amma yau uku ne, ya aro ɗaya a wurin telan da ke maƙwabtaka da shi.

"Me kike kallo?" ya ce. "Zauna."

Ya dawo daga salla ya hau jera lemo, ya rushe, ya sake jerawa. Wata mata ta zo sayen ayaba ya ba ta a yadda ta taya, abin da ban taɓa gani ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai ya ɗago kai, sannan ya yi kamar ƙuda yake kora.

Ashe shi ma so yake. Wannan ne ya fi komai yi mini ciwo.

Ƙarfe biyar saura na hango shi.

Yana ƙetaren titi, kusa da turken fitila, ya kafe babur ɗinsa. Ya sa kaftanin da na taɓa cewa yana yi masa kyau. Ya cire hular kwano ya riƙe a hannu, yana kallon shagon.

Na zabura zan miƙe.

"Zauna," in ji Baba, bai ko kalle ni ba. Ashe ya riga ni ganinsa.

"Baba, bari in je in shigo da shi."

"Ni na tako nawa rabin, Uwata. Titi ɗaya ne ya rage. In kika jawo shi, ke kika faɗa ba shi ba."

Na koma na zauna, hannuna a cinya, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na iya. Motoci suna wucewa tsakaninmu. Na ga Kuku ya sauko da ƙafa ɗaya daga dakalin titi. Ya tsaya a haka. Ya mayar da ita.

Baba ya daina taɓa lemon. Ya zauna a kujerarsa ya miƙe baya, ya ɗora hannu a gwiwa, yana kallonsa kai tsaye. Da zai ɗaga hannu kaɗan, da Kuku ya ƙetaro, na tabbata. Da Kuku zai taka sau goma, da Baba ya tare shi tun kafin ya buɗe baki, wannan ma na tabbata. Na san su duka biyun, ina son su duka biyun, kuma ba abin da sanin ya amfana mini.

"Baba," na ce da raɗa, hawaye na zuba a kan hannuna. "Ka yafuto shi. Don darajar Umma."

Leɓensa ya motsa. Na ga yatsunsa sun ɗago daga gwiwa kaɗan, suka koma.

Wata doguwar motar haya ta zo ta tsaya a gabanmu tana sauke fasinja. Wata tsohuwa ta daɗe tana jayayya a kan kayanta, na ji kamar in je in sauke mata da kaina. Na leƙa ta ƙarƙashin motar ko zan ga ƙafafunsa suna tahowa.

Da motar ta tashi, babu kowa a jikin turken.

Ban yi ihu ba. Na san a take cewa shi ke nan, na rasa shi, kuma babu wanda zan kama in ce shi ya cuce ni.

Baba ya ƙara minti goma a zaune yana kallon wurin. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kujerar aro. Na kai hannu zan karɓa ya hana ni, ya kai ta da kansa.

Tela ya ɗago daga keken ɗinki, zare a bakinsa.

"Har kun gama? Ko baƙon bai zo ba?"

"Ya zo," in ji Baba. Ya yi gyaran murya. "Ya zo, ya koma."

Ya juyo wurina, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Uwata, ɗauko kwaɗo mu rufe."